Kifin kilawun loch biyu a tanki mai lita 63: a riƙe su ko a nema musu wani gida?

Abban Walid (Kano): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu sanin kifin ado ku taimaka min da shawara, abin na gaggawa ne. Ina da tankin gilashi, tsawo santimita 60, faɗi 30, tsayi 35. Ƙananan kifayen ado ne a ciki, gofi da 'yan moli. Sai ƙananan dodon koɗi suka biyo ciyawar ruwa da na saya, suka cika min gilashi. Mai shagon da nake ciniki da shi ya ce in ɗauki kilawun loch guda biyu, za su share su tas. Na ɗauka. Kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, jikinsu ruwan lemo da baƙin zane uku, bindi ja. To yanzu ɗaya ya fito da fararen ɗigo-ɗigo a jiki da bindi kamar an barbaɗa masa gishiri, sai goga jikinsa yake yi da dutse. Ɗayan kuma da asuba na tarar da shi kwance ta gefe a bayan kaskon da na kifa musu, ko motsi ba ya yi, sai da na kai hannu ya zabura. Maƙwabcina mai kiwon tarwaɗa ya ce in zuba gishiri cokali biyar in huta. In zuba?

Maman Iman (Abuja): Wa alaikumus salam. Abban Walid kar ka zuba tukuna don Allah. Ka fara gaya mana, kana da hita a tankin? Kuma da asuba nawa ma'aunin zafi yake nunawa?

Abban Walid (Kano): Hajiya babu hita. Ma'aunin da ke manne da gilashi yana nuna 21 da asuba, da rana ya kai 25.

Injiniya (Kaduna): To ga bakin zaren nan. Ƙanena bari in fara cire maka fargaba ɗaya. Wannan kwanciya ta gefe halin kilawun ce, haka yake barci. Wani lokaci ma za ka gan shi ya cusa kai cikin wani lungu bindi a sama, ka rantse ya mutu. Abin dubawa shi ne numfashinsa. In murfin da ke gefen kansa yana buɗewa yana rufewa a hankali, kuma ka taɓa gilashi ya tashi da ƙarfinsa, lafiyarsa ƙalau. In yana haki ko launinsa ya koɗe ya ƙi dawowa, wannan wata magana ce.

Fararen ɗigon nan kuwa cuta ce, kuma hunturu ne ya buɗe mata ƙofa. Kifin nan ɗan kogunan Sumatra da Borneo ne a ƙasar Indunusiya, irin su Musi da Batang Hari da Kapuas. Ruwan can ɗumi ne shekara zagaye, abin da yake so daga digiri 25 zuwa 30. Ka sa shi inda ruwa ke sauka 21 kullum dare, ya hau da rana, ya sake sauka, ga gajiyar tafiya daga wata nahiya zuwa shago, daga shago zuwa gidanka. Dole garkuwar jikinsa ta karye. Abu na farko yau ka nemi hita mai wat 50 ko 75.

Dakta (Zariya): Na yarda da Injiniya. Bari in ƙara bayani kan cutar, don wanda bai san yadda take rayuwa ba zai yi ta zuba magani a banza. Wata ƙwayar halitta ce ƙarama, sunanta a kimiyyance Ichthyophthirius multifiliis. Ɗigon da kake gani ita ce ta shige ƙarƙashin fatar kifin tana ci. A wannan matakin fatar ta rufe ta, magani ba ya kai mata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta yi wa kanta kwanso, ta yi ta rabuwa a ciki har ta zama ɗaruruwa. Kwanson ya fashe, 'ya'yan su bazu cikin ruwa suna neman kifi. To a wannan ɗan tsakanin da suke yawo a ruwa ne kawai magani ke kashe su. In ba su sami kifi ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu su mutu da kansu.

Abin da wannan ke nufi gare ka: ranar da ɗigon ya ɓace daga jikin kifi ba ranar warkewa ba ce, cutar ta sauka ƙasa ne tana haihuwa. Mutane da yawa a nan suke daina magani, bayan mako ta dawo ninki. Ka ci gaba da magani aƙalla kwana huɗu ko biyar bayan ɗigo na ƙarshe. Kuma tankin gaba ɗaya za ka yi wa, ba kifi ɗaya ba, don gofi da moli ma suna ɗauke da ita ko ba ka gani ba.

Ɗumi yana gaggauta zagayen. Ka ɗaga hita a hankali, digiri ɗaya zuwa biyu a yini, har ka kai 29 ko 30. Amma ka sani ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi. A digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin, a digiri 30 kusan 7 da rabi. Ga shi cutar tana kama wurin numfashin kifi. Don haka injin iska ya kwana yana aiki.

Mai Tarwaɗa (Wudil): Dakta ranka ya daɗe, ni fa ban ga laifin gishiri ba. Mu da muke da dubban kifi a kududdufi da shi muke wanke su, kuma yana aiki. Ga shi da araha, kowane gida akwai. Mutum yana da magani a kicin ku ce ya tafi neman kwalba daga ƙasar waje?

Dakta (Zariya): Alhaji ba a ce gishiri ba ya aiki ba. Yana kashe 'ya'yan cutar da ke yawo a ruwa, gaskiya ne. Amma tarwaɗa daban, loch daban. Tarwaɗa tana rayuwa a ruwan da kusan babu kifin da zai iya, har iskar sama take shaƙa. Shi kuwa kilawun ɓawon jikinsa ƙanana ne ƙwarai, sun nutse cikin fata, kansa ma babu ko ɗaya. Duk abin da ka zuba a ruwa yana ratsa shi fiye da sauran kifaye, kuma daga ruwan da ba shi da gishiri ya fito. Damuwata ita ce cokali biyar lokaci guda. Wane cokali? Na shayi ko na cin abinci? A tsaitsaye ko a tule? In dole sai gishirin, a auna shi, giram ɗaya ga kowace lita, a narkar a kofi, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin yini guda ana kallon kifin. In ya fara haki ko ya haukace da iyo, a canja ruwa nan take.

Maman Iman (Abuja): Ni kam ko giram ɗayan ba na sa wa nawa. Maganin farin ɗigo na kwalba, mai launin kore-shuɗi ɗin nan, shi nake amfani da shi, rabin abin da aka rubuta a jiki. Kuma a duba bayan kwalbar, in akwai sinadarin jan ƙarfe, wato kofa, a ajiye ta, yana kashe loch. In akwai gawayi a cikin filta a cire shi kafin a zuba, in ba haka ba shi zai shanye maganin.

Mai Tarwaɗa (Wudil): Hajiya rabin magani ai rabin warkewa ne.

Dakta (Zariya): A'a Alhaji, in an haɗa shi da ɗumi da canjin ruwa yana isa. Kowane kwana biyu Abban Walid ya zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daga ƙasa da tiyo, kwansunan cutar suna nan cikin tsakuwa, yana fitar da su da hannunsa kenan. Sai ya mayar da maganin gwargwadon ruwan da ya sabunta. Abu ɗaya dai, ya zaɓi hanya guda. Kar ya haɗa gishiri da maganin kwalba a kan kifin da ya riga ya galabaita.

Injiniya (Kaduna): Cutar za ta wuce in Allah ya yarda. Ni abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba tukuna, kuma zan faɗa ko da ba zai yi daɗin ji ba. Abban Walid, lissafa tankinka: 60 sau 30 sau 35, raba da dubu, lita 63 kenan, in ka cire tsakuwa da duwatsu bai fi hamsin da 'yan kai ba. Kifin da aka ba ka jariri ne. Kilawun yana kai santimita 20 zuwa 30, ga kauri, kuma in ya sami kula yana haura shekara 20. Nawa mafi girma yanzu ya kusa tsawon tafin hannuna da yatsu, na saye shi ɗan mitsitsi kamar naka.

Na biyu, ba kifin zaman kaɗaici ba ne, ba kuma na zaman biyu ba. Garke yake yi. Akwai babba a cikinsu, galibi mace ce mafi girma, akwai na bin ta. Za ka ga biyu sun koɗe sun zama ruwan toka suna ture juna baki da baki, suna tantance wane ne gaba, an jima launi ya dawo su kwanta wuri ɗaya a jibge. Da yamma in na jefa musu abinci har daga falo ana jin ƙaras-ƙaras ɗin da suke yi da haƙoran maƙogwaro. Duk wannan ba za ka gan shi a kifi biyu ba. In biyu ne, ƙarfin babban duk a kan ƙaramin zai ƙare, ƙaramin ya ɓuya ya daina ci. Biyar ko shida ne mafi ƙaranci, kuma shida manya suna son tanki mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa sama, lita 400 ko fiye. Ruwan kaɗai kilo 400 ne, ban da gilashi da yashi, sai an yi masa teburin ƙarfe.

Don haka a ganina bai kamata a sayar wa mai lita 60 kilawun don dodon koɗi ba. An magance ƙaramar matsala da babba.

Mai Kifin Ado (Kano): Injiniya da girmanka, amma bari mu ma masu shago a ji ta bakinmu. Ba ni na sayar masa ba, sai dai na san yadda kasuwar take. Na farko, kifi yana girma ne daidai da wurin da yake, a ƙaramin tanki ba zai kai wannan girman da kake faɗa ba. Na biyu, kilawun ba ya saurin girma, kafin ya cika lita 60 an shekara biyu ko uku, wataƙila lokacin Allah ya hore wa mutum babban tanki. Na uku, in duk wanda ya shigo shago muka ce masa sai da lita 400, mutum nawa ne a Kano zai iya? Sha'awar ma sai ta mutu.

Injiniya (Kaduna): Malam na gode da ka fito ka yi magana, ka fi waɗanda ke karantawa su yi shiru. Maganarka ta biyu akwai gaskiya a ciki. Yana saurin kai santimita 10 zuwa 12, daga nan sai ya rage gudu. Amma ta farkon ban karɓa ba. Kifin da ya tsaya a ƙaramin tanki tsumburewa ya yi, saboda ƙazantar ruwa da takura. Ka dube shi da kyau, za ka ga ido ya yi wa kai girma, baya ya ɗan lanƙwashe, kuma ba ya daɗewa. Wanda ya kamata ya shekara 20 ya mutu a shekara uku, mai shi ya ce ai dama haka suke.

Kuma ban ce a kori mai ƙaramin tanki ba. Cewa na yi a ba shi kifin da ya dace da tankinsa. Dangin loch suna da yawa, akwai na kowane aljihu.

Mai Kifin Ado (Kano): To ai abin da dillalai suka turo daga Legas shi muke sayarwa. Kilawun ne ke zuwa kullum, don shi ne mai launi, shi mutane ke nunawa da yatsa.

Ustaz Abu Hanan: 'Yan'uwa in ɗan sa baki. Ajiye dabba don sha'awa malamai sun halatta shi, suna kafa hujja da ƙaramin yaron nan Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana ba. Amma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, shi ma yana nan a Bukhari da Muslim. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da inda zai je. Ɗumin ruwansa, iskarsa, abokan zamansa, duk suna hannun mai shi. Mai saye ya tambaya kafin ya saya, mai sayarwa ya faɗi abin da ya sani. Ba na ganin ɗayansu zai ce ba ruwansa.

Maman Iman (Abuja): Allah ya saka da alheri Ustaz. Malam Mai Kifin Ado, ka tambayi dillalanka kuhli, wani ƙaramin irin loch, suna kawowa in an nema. Abban Walid, in son loch ya shiga ranka, wannan shi ne na tankinka. Siriri ne dogo, bai wuce santimita 8 zuwa 10 ba, jikinsa zobe-zobe baƙi da ruwan ɗorawa. Shi ma daga Indunusiya da Maleshiya yake, ɗumin da gofi ke so shi yake so. Lita 60 za ta ɗauki guda shida ba damuwa, don ba su da nauyin ƙazanta, kuma suna iya kai shekara goma.

Sai dai sharaɗinsa yashi. Ba tsakuwa ba, yashi mai laushi. Ni na rafi na samo, na tankaɗe shi da rariya, na yi ta wankewa a bokiti har ruwan ya fita garau, sannan na zuba masa tafasasshen ruwa. Kar a ɗebo na gini wanda ya haɗu da siminti. Dalili shi ne yadda yake cin abinci: yana cusa baki cikin yashi, ya ɗebo, ya tace abin ci, yashin ya fito ta gefen kansa. Tsakuwa mai kaifi tana cinye masa gashin baki, kuma da gashin bakin nan yake neman abinci.

Da rana ba za ka gan su sosai ba. Na kifa musu fasasshen kasko da ƙoƙon kwakwa da guntun bututun roba, sai ka ga kawuna huɗu sun leƙo daga rami ɗaya. Ana kiran magariba in na kashe fitilar tanki sai su fito, su bi gilashi sama da ƙasa. Abin mamaki, yawan maɓoya shi ke sa su yawan fitowa, don sun san in an tsorata su akwai wurin gudu kusa. A ɗaura soso a bakin bututun filta, suna shigewa ciki. A rufe tanki ruf, duk dangin loch gwanayen tsallakewa ne.

Abban Walid (Kano): Hajiya su ma suna cin dodon koɗin?

Maman Iman (Abuja): Ba sosai ba, bakinsu ƙarami ne. Amma dodon koɗi ba kifi ne maganinsa ba. Abinci ne ya yi yawa a tankinka. Rage abin da kake zubawa, iya abin da za su cinye cikin minti biyu. Da dare ka saka yankan kokwamba ko ganyen latas a ƙasa ka danne da cokali, da asuba ka ɗaga shi za ka tarar sun lulluɓe shi, ka zubar. Ka yi ta yi, za su ragu. Kaɗan ɗin da suka saura ma amfani suke yi, suna cinye ragowar abinci.

Injiniya (Kaduna): Wanda kuma yake da lita 120 zuwa 150 yana son mai cin dodon koɗi da gaske, a dangin loch akwai botiya mai siraran zane daga kudancin Indiya, Botia striata, ba ta wuce santimita 9 ba. Akwai wadda ake kira yoyo daga arewacin Indiya da Nepal, ita tana kai 15, ga ƙiriniya. Su ma dai garke ne, biyar zuwa sama.

Ɗan Jos: Ina ta jira a ambaci dojo ba a ambata ba. Ni shi nake kiwo, kuma ban ga loch mai sabo da mutum kamarsa ba, har a tafin hannuna yake cin abinci. Ɗan Sin da Koriya da Japan ne, a gonakin shinkafa da fadamu yake zama, can ma miya ake yi da shi. Yana haɗiyar iska daga saman ruwa, hanjinsa ya tsotse ta, ragowar ta fita ta baya, shi ya sa ɗauke wuta ba ya tayar masa da hankali kamar sauran. Kuma in hadari ya haɗo sai ya kama zirga-zirga, yana jin sauyin nauyin iska. Da damina a nan ina ganin haka da idona kafin ruwa ya sauko. Ba ya son hita sam.

Issoufou (Maraɗi): Yaya Ɗan Jos wannan ya yi min. Matsalarmu a nan wuta ce. In kifi ne da ba ya son hita kuma yana jure rashin iska, ai shi ne namu.

Ɗan Jos: A'a ɗan'uwa, dakata. Ba ya son hita ne don kifin sanyi ne. Daga digiri 15 zuwa 24 nan yake jin daɗi. Mu nan tsauni ne, ɗaki ba ya zafi can-can. Ku da watan Afrilu da Mayu ke haura 40 a inuwa, ruwan tankinka zai kwana sama da 30 makonni a jere. Zai jure na ɗan lokaci, amma a hankali zai lalace. Kuma yana kai santimita 20, ba na lita 60 ba ne. Haka waɗannan loch ɗin masu faɗin ciki da ke manne wa gilashi, na rafukan duwatsun Biyetnam da Sin, ana sayar da su da sunan masu share gansakuka. Ruwa mai sanyi mai gudu suke so, cike da iska. A Maraɗi ko Sakkwato ko Maiduguri kar ma a fara.

Injiniya (Kaduna): Malam Issoufou, kuhli zai fi maka, yana kai wa 30 lafiya. Da bazara ka ɗaga murfi ka sa raga a madadinsa, ka juya ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. Iskarku busasshiya ce, tururin da ke tashi yana sauke zafi digiri biyu zuwa uku, sai dai kullum ka cike abin da ya ƙafe. Kar ka ɗebi ruwan canji daga tankin saman rufi da rana, ya riga ya dahu. Ɗebi da asuba, in na famfo ne ya kwana a buɗaɗɗen bokiti ko ka sa maganin kashe kilorin. Don wuta kuma, akwai ƙaramin injin iska mai igiyar USB, ana jona shi da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, ya kwana yana aiki. Haɗa shi da filtar soso. Ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zama cikin soson nan su ke mayar da ammoniya ta kashin kifi zuwa abin da ba ya kisa, kuma suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon tanki. Kar ka sa loch sai sun kafu. In za ka wanke soson, a ruwan da ka zuƙo daga tanki za ka matse shi, ba a bakin famfo ba.

Ɗan Sarkawa (Yawuri): Ni ɗan masunta ne, ina karatu ina jin daɗi. Tun da nake ban taɓa ganin irin wannan kifi a koma ba.

Dakta (Zariya): Ba za ka gani ba Malam. Loch kifin Asiya da Turai ne. A Afirka sai ɗan abin da ke Habasha wajen tafkin Tana, da kuma Maroko. Kogin Kwara da Binuwai da tafkin Cadi babu shi.

Ɗan Sarkawa (Yawuri): To shi ne nake so in ce abu biyu. Duk wanda kifinsa ya fi ƙarfin tankinsa, don Allah kar ya kai shi kogi ko dam da sunan tausayi. Ruwan nan abincin mutane ne, ba mu san cutar da zai shigo da ita ba. Na biyu, mai son kifin ƙasan ruwa mai gashin baki, ga ƙurungu a gida. Shi ma yana da ƙaya, shi ma yana ƙara in an kama shi, wani irinsa ma a rigingine yake iyo. Ruwanmu ya sani, zafinmu ya sani. Turawa daga nan ake kai musu shi suna sawa a gilashi.

Ɗan Jos: Maganarka ta farko gaskiya ce. Dojo ɗin nan da nake yabo, a Ostareliya daga tankunan mutane ya shiga rafuka ya bazu, har aka hana shigo da shi.

Injiniya (Kaduna): Ƙurungu kifi ne mai kyau, ina da ɗaya mai doguwar tutar baya. Sai dai shi ma yana kai santimita 20, kuma da dare yana iya haɗiye 'ya'yan gofi. A lissafa da wannan.

Abban Walid (Kano): Jama'a Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sa hita, ruwa ya tsaya a 29, na bi hanyar Hajiya ta rabin magani, injin iska yana kwana. Ɗigon ya ragu sosai kuma ya fara cin abinci, ina ci gaba kamar yadda Dakta ya ce. Game da riƙe su, na auna ɗakina da aljihuna, lita 400 ba ta cikin lissafina yanzu. Injiniya, in sun warke za ka karɓe su su shiga cikin naka? Ina shigowa Kaduna ƙarshen wata.

Injiniya (Kaduna): Da hannu biyu ƙanena. Amma za su fara zama a tankin keɓewa mako huɗu kafin su haɗu da nawa, kar ka ji komai, haka nake yi wa kowane sabon kifi. Yawancin kilawun daga kogi ake kamo su suna ƙanana, da gorar da aka huhhuda ake nutsawa a ruwa su shige ciki, don haka sukan zo da tsutsar ciki. In na ga suna ci amma bayan kai yana ramewa, Dakta zai auna min maganin tsutsa.

Wajen kamawa ka kula. Ƙarƙashin kowane ido akwai ƙaya mai baki biyu, tana kwance cikin wani ɗan rami, in ya tsorata sai ya miƙe ta. Tana sarƙewa a ragar kamu, in ka ja ka yi masa rauni, tana kuma huda yatsa da leda. Ka kora shi cikin kofin roba a ƙarƙashin ruwa ka ɗago. Ka zo da su a bokiti mai murfi, ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, kar ka ba su abinci kwana ɗaya kafin tafiya. Ka naɗe bokitin da bargo, sanyin safiya a mota zai iya dawo da cutar.

Mai Kifin Ado (Kano): Na yi wa dillalina magana kan kuhli, ya ce sai kaya na gaba. Zan ɗauki kaɗan in gwada. Amma har yanzu ina kan bakana cewa mai lita 200 zai iya fara kilawun ƙanana shida, in dai ya san nan da shekara biyu sai ya canja musu wuri.

Injiniya (Kaduna): In ya sani tun a shago, kuma kai ne ka gaya masa, ba ni da ja.

Issoufou (Maraɗi): Malam Mai Kifin Ado, in sun iso ka ajiye min shida, akwai direban da ke zuwa Kano duk mako. Hajiya, yashin kaurin nawa zan zuba?

Maman Iman (Abuja): Santimita 3 zuwa 4 ya isa. In ya fi haka ƙasan yana ruɓewa ya yi wari. Duk sanda za ka canja ruwa ka ɗan motsa shi da yatsa a hankali, ka lura kar ka danne wanda ya binne kansa a ciki.